Injin da Ake Iya Buɗe Cikinsa: Waiwaye Daga Zuru

A mako guda cikin watan Agustan 1991 an yi abubuwa biyu da ba wanda zai ce akwai dangantaka a tsakaninsu. Ranar 25 ga wata, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta manhajar tafiyar da kwamfuta don sha'awar kansa, kuma yana son jin ra'ayin masu irin wannan sha'awa. Bayan kwana biyu, ranar 27, Janar Ibrahim Babangida ya yanke jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato, mutanen Zuru suka wayi gari hedikwatarsu ta koma Birnin Kebbi. Manhajar nan ita ce Linux. Ashe ita da jihar tsaran juna ne.

Yau duk wayar Android da ke aljihun mai sayar da dawa a kasuwar Zuru, a kan Linux take tafiya, ko ya sani ko bai sani ba. Kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya ma, tun daga 2017 babu wadda ba ita ke tuƙa ta ba. Sai dai abin da ya fi shafar wannan yanki shi ne yadda wannan tafiya ta sauya kayan aikin da ake damƙa wa ɗalibin injiniya, da kuma ko an yarda ya leƙa cikin kayan, ko an ce ya danna kawai ya karɓi amsa.

An san ƙasar Zuru da noma da aikin soja. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, a al'adarsu ta golmo saurayi kan shafe shekaru yana noma wa surukansa kafin a ba shi mata, kuma bikin Uhola na godiyar amfanin gona ne. Kwalejin Aikin Gona ta garin, wadda aka kafa a shekarun 1970, ta yaye malaman gona da suka bazu a ma'aikatun tsohuwar jihar Sakkwato. Amma yaron da ya ce digirin injiniya yake so, sai dai ya ɗaure kayansa ya bi hanyar Kontagora. Wasu Zariya suka nufa, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da fannin tun kafuwarta a 1962. Wasu suka tafi Minna bayan an buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983. Masu neman difloma kuwa, kwalejojin fasaha na Kaduna da Birnin Kebbi ne suka karɓe su.

Waɗanda suka yi karatu a wancan lokaci suna ba da labarin allon zane da doguwar rula, da daren da ake rabawa a kan takarda guda, tawada ta ɗiga a ƙarshe a sake daga farko. Darasin kwamfuta kuma FORTRAN ne, a wurare da yawa a kan baƙin allo ake yinsa. Ɗalibi ya rubuta shirinsa a takarda, malami ya bi da jan biro, a ci jarrabawa, ba tare da kowa ya ga na'urar ta amsa ko ta ƙi ba. Duk da haka mutanen wancan zamani suna da abin da ba za a raina ba: sun san lissafi da hannu. In aka ce ƙarfe kaza zai ɗauki nauyi kaza, sun san ta inda amsar ta fito.

Sai shekarun 2000 suka zo da nasu salon. Wayar salula ta shigo a 2001, shagunan intanet suka buɗe a bakin kowace jami'a, kwamfutocin hannu 'yan gwanjo suka fara isa ɗakunan kwanan ɗalibai. Tare da su aka sami faifan sidi na 'yan ɗaruruwan naira, ɗauke da AutoCAD da MATLAB da Proteus waɗanda aka ɓalle wa kwaɗo. Daga baya filas ya gaji faifan, ana miƙawa daga hannu zuwa hannu, daga aji huɗu zuwa aji uku, wani lokacin ma daga teburin malami. Ba a faɗin haka don a kunyata kowa. Lasisin kasuwanci na irin waɗannan manhajoji dubban daloli ne, sashen da ke fama da kuɗin man janareta kuma ba shi da hanyar biya wa kwamfuta hamsin. Amma illar ta fito. Ƙwayoyin cutar kwamfuta sun cinye furojet ɗin ɗalibai da dama ana gobe miƙawa. Mai bincike yana jin nauyin ambaton manhajar da ya yi aiki da ita a mujallar ƙasar waje. Sannan an raini injiniyoyi a kan cewa kayan aikin sana'arsu abin ɓoyewa ne. Mafi muni, ɗalibin ya rabu da lissafin hannu na magabatansa, bai kuma sami damar ganin lissafin da ke cikin na'urar ba. Ya zuba lambobi, hoto mai launi ya fito, shi ke nan.

Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne, da yawa daga irin waɗannan kayan a cikin aji aka haife su. Cleve Moler ya rubuta MATLAB na farko ne a ƙarshen shekarun 1970 don ɗalibansa na Jami'ar New Mexico, yana ba wasu jami'o'i kyauta, kafin a kafa kamfanin MathWorks a 1984. SPICE, wadda ita ce uwar kusan duk manhajojin gwada da'irar lantarki, daga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta fito a 1973, kuma Farfesa Donald Pederson ya dage a bar ta ga duk mai so. A 1983 Richard Stallman ya fara aikin GNU, a 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda ya ba kowa izinin amfani da manhaja, da karanta asalin rubutunta, da gyara ta, da raba ta, bisa sharaɗi guda: in ka raba abin da ka gyara, ka raba shi a buɗe yadda ka same shi. A kan irin wannan turba aka sami GNU Octave, wadda aka faro don darasin injiniyan sinadarai kuma take karanta mafi yawan rubutun MATLAB. Aka sami Scilab daga cibiyar bincike ta INRIA a Faransa. Aka sami KiCad ta zana allon lantarki, wadda wani malami a Grenoble, Jean-Pierre Charras, ya fara a 1992. Ga kuma Python, wadda yau ta zama harshen lissafin injiniyoyi a duniya.

Labarin ya iso Najeriya da wuri, amma ta ƙofar kwangila ya shigo. A 2003 aka kafa ƙungiyar FOSSFA ta masu fafutukar buɗaɗɗiyar manhaja a Afirka. A 2007 aka yi ce-ce-ku-ce a kan ƙananan kwamfutoci 17,000 na makarantun Najeriya da aka tanada da Linux na kamfanin Mandriva, har shugaban kamfanin ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa da ya ji ana shirin sauya su da Windows. Muhawarar ta tsaya a kan me za a saya, kuma daga wa. Maganar me za a koyar ba ta sami kujera ba.

Abin da ya shiga hannun ɗalibai da gaske, ba tare da jiran takardar wata ma'aikata ba, wani ɗan allo ne da bai wuce tafin hannu ba. A 2005, a wata makarantar ƙira da ke garin Ivrea na Italiya, Massimo Banzi da abokan aikinsa suka fitar da Arduino, bisa aikin da wani ɗalibinsu ɗan Kolombiya, Hernando Barragán, ya fara. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ce a tsakiya, da layin ramuka a gefe inda ake soka wayoyi. Ta nan take jin abin da na'urar awo ta faɗa, zafi ne ko danshi ko haske, ta can kuma take ba da umarni, a kunna famfo ko a kashe fanka. Sabon abin da suka yi shi ne sakin zanen allon kansa, kowa ya ƙera, kowa ya sayar, sunan kawai suka riƙe. Masana'antun Shenzhen na ƙasar Sin suka kama bugawa, farashi ya faɗi, allon ya iso kasuwannin kayan lantarki na Legas da Kano. Ɗalibin da a da sai dai ya zana da'ira a takarda, yanzu yana iya haɗa ta a kan katifarsa, ya ƙona guda ɗaya, ya gane dalili, ya sake. A 2025 kamfanin Qualcomm ya sanar da sayen Arduino, abin da ya tayar wa wasu hankali, amma zanen da aka riga aka saki a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi ba a iya janye shi.

Kamfanonin manyan manhajoji ma ba su zauna ba. Tun 2014 Autodesk ke ba ɗalibai da makarantu kayanta kyauta, kuma wannan taimako ne na gaske. Sai dai kyautar tana ƙarewa da ƙarewar karatu, ba a kuma yarda a yi sana'a da ita. Yaro ya gama, ya dawo Zuru ko Ribah zai buɗe shago, sai ya tarar da abin da hannunsa ya saba da shi ya koma na dala. Akwai kuma darasin da aka gani a 2020, lokacin da jami'o'in injiniya biyu a birnin Harbin na ƙasar Sin suka rasa damar amfani da MATLAB saboda takunkumin Amurka, alhali ba kuɗi suka rasa ba.

A wannan shekara ta 2020 ne gwamnatin Muhammadu Buhari ta mayar da kwalejin Zuru Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya. Kafin nan Kebbi ta riga ta sami Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013. Zuru ta zo a makare, amma makarar na da ribarta. Tsofaffin jami'o'i suna ɗauke da littattafan darasi na shekara ashirin da aka gina a kan manhaja kaza, da malaman da ba sa son a taɓa musu abin da suka saba. Sabuwar jami'a ba ta da wannan kaya a kai. Kuma jami'ar noma ba ta da yadda za ta kauce wa aikin injiniya, domin huɗa da ban-ruwa da sussuka da busarwa da ajiya duk maganar ƙarfe ce da ruwa da zafi.

Buƙatun kuwa suna nan a bakin ƙofa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu noman rani da yawa suka koma famfon sola, kuma kowane famfo yana buƙatar wanda ya san lissafin girman faranti da zurfin rijiya da faɗin bututu. Manhajar EPANET, wadda hukumar muhalli ta Amurka ta saki ga kowa tun shekarun 1990, wannan lissafin bututun take yi. Masara ba ta son shiga buhu sai danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari, in ba haka ba fumfuna ta kama ta, gubar da ke lalata hanta ta biyo baya. Manomi da haƙori yake gwadawa, kuma haƙorin gwani ba ya cika yin ƙarya, amma ɗan kasuwar da zai sayi buhu ɗari lamba yake so. Na'urar awon danshi da ɗalibi zai haɗa da Arduino, ya daidaita ta da awon ɗakin gwaji, aiki ne da ya isa a ba shi maki, kuma ya isa a kai shi kasuwa. Sai kuma buƙatar da ta fi taɓa zuciya. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi Danko-Wasagu da Sakaba sun raba ƙauyuka da gonakinsu, kuma ba malamin da zai tura ɗalibi ya je ya auna su da ƙafa. Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda Tarayyar Turai ta fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton ƙasa duk bayan kwana biyar, kowane ɗigo mita goma, kuma kyauta ake ba da hotunan. Gajimaren damina yana rufe wasu, amma waɗanda suka fito sun isa. Da manhajar taswira ta QGIS, ɗalibi yana zaune a Zuru zai iya nuna gonakin da aka noma shekara biyar baya da waɗanda suka koma daji bana, a sami hujjar da za a ajiye a gaban masu mulki.

Maganar tarakta ta fi kowace fito da abin fili. Duk wanda ya zaga harabar ma'aikatun gona a Arewa ya ga taraktocin da suka durƙushe, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, sau da yawa saboda ɗan ƙarfe guda da ba a samu ba. Sababbin na yanzu kuma sun ƙara da kwamfuta a ciki, wadda ba ta buɗuwa sai da na'urar dillalin kamfani. Manoman Amurka kansu sun shafe shekaru suna rigima da John Deere a kan 'yancin gyaran abin da suka saya, har hukumar cinikayya ta ƙasar ta kai kamfanin kotu a watan Janairun 2025. Wani masanin kimiyyar fiziks, Marcin Jakubowski, da taraktarsa ta yi ta lalacewa a gonarsa ta jihar Missouri, sai ya ƙera tasa ya saki zanen, ya kuma tsara jerin injuna 50 da yake ganin ƙauye na buƙata. Da yawa cikinsu ba a kammala ba har yau, amma ya nuna cewa zanen injin gona ma ana iya raba shi yadda ake raba manhaja.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai walda na bakin hanya. Injin sussukar masara da na casar shinkafa da na niƙa da ake ƙerawa a garuruwan Arewa, da ido ake kwafarsu: a ga na wani, a auna da igiya ko da taku, a ƙera, a gyara inda ya cije. Haka tukunya-cikin-tukunya ta malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ta yaɗu, tukwanen ƙasa biyu da jiƙaƙƙen yashi a tsakani suna sanyaya kayan miya, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Duk maginin tukwane da ya gan ta sau ɗaya zai iya yin ta. Abin da mai walda ya rasa shi ne zane mai awo da lissafin saurin juyawa, shi ya sa wani injin ke farfasa ƙwaya, wani ke cin bel duk mako. Abin da ɗalibi ya rasa kuma shi ne hannun mai walda da sanin irin ƙarfen da ake samu a kasuwa. Manhajar zane ta FreeCAD, wadda ta kai bugu na 1.0 a 2024 bayan shekara ashirin da 'yan kai ana gina ta, ta isa ta haɗa su a kan takarda guda.

Sai dai a faɗi gaskiya, buɗewar ta zo da nata ciwon. A jami'o'i da kwalejojin fasaha na ƙasar nan, furojet ɗin ban-ruwa mai sarrafa kansa da na fitilar titi mai kunna kanta sun zama ruwan dare. Ɗalibi ya sauko da rubutun wani ɗan Indiya daga intanet, ya soka wayoyi yadda hoto ya nuna, fitila ta kama, a tafa masa. A tambaye shi me ya sa aka sa wannan ɗan ƙarfen a nan, sai ya dubi ƙasa. Akwai ma shagunan da ke haɗawa su sayar a kammale. Wannan bai fi zamanin faifan sata da komai ba, illa dai yanzu ba a karya doka. Maganinsa yana hannun malami: ya cire waya guda a gaban ɗalibi ya ce ya nemo matsalar, ko ya sa a kai na'urar gona ta kwana bakwai cikin rana da ƙura a ga ko za ta rayu. Ga kuma tsadar kayan. Manhaja kyauta ce, allo da na'urorin awo kuwa da dala ake shigo da su, kuma dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wutar lantarki ma ba sai an yi dogon bayani ba. Masu ɗaukar aiki kuma har gobe AutoCAD suke rubutawa a tallar guraben aiki, don haka hana ɗalibi saninta zalunci ne. Abin da ya kamata shi ne ya koyi tushen a kan abin da zai iya buɗewa, sauya manhaja daga baya aikin 'yan makonni ne.

Indiya ta nuna yadda jami'a ke ɗaukar abin da muhimmanci. A 2009 Cibiyar Fasaha ta IIT Bombay ta fara shirin FOSSEE da kuɗin gwamnati. Ɗalibai suka riƙa ɗaukar littattafan injiniya da ake koyarwa da su, suna warware misalan ciki da Scilab da Python, ana duba aikin, a ba su ɗan alawus da takardar shaida, a ajiye shi inda kowa zai ɗauka. Wani shiri na cibiyar kuma ya shirya gajerun darussan bidiyo na wajen minti goma, aka juya muryar zuwa harsunan ƙasar. Ba su ƙirƙiro sabuwar fasaha ba, aikin da ɗalibai ke yi dama suka hana shi ɓacewa.

A nan ne jami'o'in Arewa ke da bashi a kansu. Harkar buɗaɗɗiyar fasaha gayya ce, wanda aka yi wa aiki a gonarsa ana sa ran ganinsa da fartanya ranar ta maƙwabci, kuma zuwa yanzu ɗauka aka fi yi. Kowace shekara ana ɗinke dubban furojet da baƙin bango da rubutun ruwan zinariya, a jera a kanta a ofishin shugaban sashe, ƙura da gara su raba. A cikinsu akwai injin ɓarar gyaɗa da na yankan ciyawar dabbobi da busarwar sola da suka yi aiki ranar gwaji. Ɗalibin baɗi ba zai gan su ba, zai sake farawa daga inda na bara ya fara, ya yi kuskuren da na bara ya yi.

Dama kuwa a buɗe take. Sabon tsarin manhajar karatu da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamban 2022 ya tsayar da kashi 70 cikin ɗari, ya bar wa majalisar malaman kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Ba sai an je Abuja ba kafin sashe ya ce ba zai karɓi furojet ɗin ƙira ba sai da fayil ɗin zanensa da rubutun manhajarsa, a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi irin wanda cibiyar bincike ta CERN ta fitar wa kayan ƙira a 2011. A zanen a sa awo da milimita, da sunan ƙarfen yadda ake kiransa a kasuwar Zuru da Kontagora, da kuɗin kowane yanki da naira da watan da aka saya, da abin da ya karye lokacin gwaji. A haɗa da shafi biyu na bayani da Hausa da C'lela, harshen Lelna, a buga kwafi a kai wa ƙungiyar masu walda ta gari, a kuma gayyato biyu daga cikinsu su zauna tare da malamai ranar da ɗalibin zai kare aikinsa.